Kasuwar Waƙa Ta Koma Gajimare: Abin Da Tsarin Shekara-Shekara Na Spotify Yake Nufi Ga Ƴan Kasuwar Iyaka

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Maraɗi ko ta Birnin Ƙonni, ko yake tsallakawa Jibiya da Illela da Maigatari ranar kasuwa, ya san rumfar nan da ba ta rabo da kiɗa. Saurayi ne zaune gaban kwamfuta, lasifika tana tashi, jama'a sun kewaye shi kowa da wayar salularsa a hannu. Wannan yana son waƙoƙin Shata, wancan yana neman na Hamisu Breaker, wata kuma an aiko ta a cika mata memori da waƙoƙin biki. Sana'ar tura waƙa ke nan, wadda ta gaji sana'ar masu kaset da masu faifan CD, kuma ta rufa wa dubban matasa asiri a garuruwan iyaka.

To amma duk mai lura ya ga cewa samarin da ke riƙe da manyan wayoyi sun rage zuwa rumfar. Sun samu wata hanya, ita ce sauraron waƙa kai tsaye ta intanet daga kamfanoni irin su Spotify da Boomplay da Audiomack. Waɗannan kamfanoni kuwa ba da ka suke tafiya ba. Kowace shekara suna da tsarin da suke bayyana wa masu hannun jari: ƙasashen da za su shiga, farashin da za su sa, hajar da za su ƙara da wadda za su yar. Ganin cewa abin da suke yankewa a can yana taɓa aljihun mai tura waƙa da mai sayar da waya da memori da lasifika a nan, shi ya sa muka ga ya dace mu bi sawun mafi girma daga cikinsu, wato Spotify, mu ga yadda tsarinsa ya riƙa sauyawa daga shekara zuwa shekara. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mene ne gajimaren?

Idan aka ce waƙa tana cikin gajimare, ana nufin an ajiye ta a cikin manyan kwamfutocin ajiya da ke jibge a wasu gine-gine a ƙasashen waje, waɗanda ba a kashe su dare da rana. Mai waya yakan buɗe manhajar kamfanin, ya taɓa sunan waƙa, sai a riƙa turo masa ita gutsure-gutsure ta intanet yana saurare. Waƙar ba ta zama tasa ba, aro ce. Spotify yana da waƙoƙi fiye da miliyan 100 a irin wannan rumbu, kuma hanyar sauraro biyu ce: ko mutum ya saurara kyauta ana katse shi da talla, ko ya riƙa biyan kuɗin wata.

Mai biyan kuɗin wata yana da damar sauke waƙoƙi cikin wayarsa don ya ji su inda babu rezo. Sai dai a kulle suke a cikin manhajar, ba ya iya tura wa abokinsa ta Bluetooth ko Xender, kuma dole ya hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba su rufe. Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakaninsu da waƙar memori, wadda in ka biya sau ɗaya ta zama taka har ranar da memorin ya lalace.

Yadda tsarin ya riƙa sauyawa

Mutum biyu ne ƴan ƙasar Suwidin, Daniel Ek da Martin Lorentzon, suka kafa Spotify a birnin Stockholm a shekarar 2006, lokacin da satar waƙa ta intanet ta durƙusar da kamfanonin faifai a Turai da Amurka. Dabararsu ita ce su sa sauraro ta halattacciyar hanya ya fi sata sauƙi. Sun buɗe wa jama'a a watan Oktoba na 2008, suka shiga Amurka a 2011.

A 2016 kamfanin ya bayyana cewa zai daina riƙe nasa kwamfutocin ajiya, ya koma haya a gajimaren Google. Da ya zo shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2018, takardunsa sun nuna ya ɗaure kansa da biyan Google aƙalla Yuro miliyan 365 cikin shekara uku. Ɗan kasuwa zai gane hikimar: maimakon ka gina sito a kowane gari, sai ka kama haya wurin mai manyan sito, kai kuma ka mai da hankali kan ciniki. A wannan shekara ta 2018 ne kuma ya fara taka ƙafa a Afirka, inda ya buɗe a Afirka ta Kudu.

Tsarin 2019 shi ne neman haja bayan waƙa. Dalili kuwa, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da waƙa ke kawowa masu haƙƙin mallaka ne ke kwashewa, abin da ya rage wa kamfanin bai taka kara ya karya ba. Sai ya juya ga shirye-shiryen hira da labarai na murya, waɗanda ake kira fodkas, ya sayi kamfanonin Gimlet da Anchor, kuma ya ce zai kashe dalar Amurka miliyan 400 zuwa 500 a wannan shekara wajen irin wannan saye.

Shekarar da ta shafe mu kai tsaye ita ce 2021. A watan Fabrairu kamfanin ya sanar da shiga sababbin ƙasashe fiye da 80 lokaci guda, cikinsu har da Nijar, Najeriya, Gana, Kamaru, Cadi da Benin. A Najeriya ya fara da Naira 900 a wata, farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na Amurka, domin ya san aljihun mutanen wurin, ko da yake daga baya ya ƙara. A 2022 ya shiga sayar da littattafan da ake karantawa mutum ya saurara, kuma Daniel Ek ya gaya wa masu hannun jari cewa burinsu shi ne masu sauraro biliyan ɗaya nan da 2030.

Duk wannan faɗaɗawa da asara ake yin ta. A 2022 kamfanin ya faɗi da Yuro miliyan 430, a 2023 kuma miliyan 532. Masu kuɗi suka fara ƙorafi, tsari ya juya zuwa tsuke bakin aljihu. A watan Janairu na 2023 aka sallami kashi 6 cikin 100 na ma'aikata, a Disamba aka ƙara sallamar kashi 17 cikin 100, kimanin mutum 1,500. A Yuli na wannan shekara aka ɗaga kuɗin wata a Amurka daga dala 9.99 zuwa 10.99, karo na farko tun 2011, aka sake ɗagawa zuwa 11.99 a 2024.

Sakamakon ya fito a ƙarshen 2024, shekarar da Spotify ya fara cin ribar shekara cikakkiya, fiye da Yuro biliyan ɗaya. Masu amfani da shi a wata sun kai miliyan 675, masu biyan kuɗi daga cikinsu miliyan 263. Wato sai da ya yi shekara 16 yana aiki kafin ya ga ribar shekara guda. A Satumba na 2025 Daniel Ek ya sanar da cewa zai sauka daga kujerar gudanarwa a farkon 2026 ya koma shugaban hukumar kamfanin, ya bar aikin yau da kullum ga mataimakansa biyu, Gustav Söderström da Alex Norström.

Alkawari kaya ne

Ba duk abin da aka rubuta a tsarin shekara ne yake tabbata ba, kuma wannan ma darasi ne. A taron nan na Fabrairun 2021 kamfanin ya yi alkawarin kawo sauti mai cikakken inganci irin na faifan CD kafin ƙarshen shekarar. Shekara ta ƙare shiru, ta biye ma haka. Sai a Satumba na 2025 aka fara ba masu biyan kuɗi wannan sauti, bayan shekara huɗu da rabi.

Labarin da ya fi kamata ɗan kasuwa ya riƙe shi ne na wata ƴar na'ura mai suna Car Thing, wadda ake maƙalawa a mota don sarrafa waƙoƙin Spotify. An fito da ita kasuwa sosai a farkon 2022 kan kusan dalar Amurka 90, aka daina ƙera ta bayan ƴan watanni. A Disamba na 2024 kuwa kamfanin ya kashe ta daga can inda yake, duk wanda ya saya ya wayi gari da na'ura lafiyayya wadda ba ta aiki. Kaset ko rediyo ba sa mutuwa don kamfani ya canja shawara, amma hajar da ranta yake cikin gajimare tana iya mutuwa a kan kanta tun ba a sayar ba.

Wanda yake cikin wayar Tecno

A kasuwanninmu, wanda aka fi cin karo da shi shi ne Boomplay, domin ya daɗe yana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai waɗannan wayoyi, shi ya fito da manhajar a Najeriya a 2015 tare da wayar Tecno Boom J7, daga baya ya haɗa gwiwa da NetEase, wani kamfanin Sin da ke da tasa manhajar waƙa ta gajimare tun 2013. Shi ma da tsari ya taka: ya ƙulla yarjejeniya da Universal a 2018, da Warner da Sony a 2019, wato manyan kamfanonin faifai uku na duniya, kuma a 2019 ɗin ya tara jarin dalar Amurka miliyan 20.

Abin lura a nan, duk ɗan kasuwar da ya sayar da irin wannan waya ya kai wa kamfanin sabon mai sauraro ba tare da ya sani ba, kuma ya rage wa maƙwabcinsa mai tura waƙa mai saye ɗaya. Sai dai shi ma wannan rumbu ba tabbas gare shi ba. A Disamba na 2024 Sony ya janye waƙoƙinsa daga Boomplay, abin da rahotanni suka danganta da jinkirin biyan kuɗin haƙƙi, masu sauraro suka nemi wasu waƙoƙin Davido da Wizkid suka rasa.

Rabon mawaƙi

Mutane da yawa suna zaton akwai tsayayyen kuɗi da ake biya kan kowane sauraro. A gaskiya ba haka lissafin yake ba. Spotify yakan tara kuɗin wata da na talla da ya samu a kowace ƙasa, ya ware kason masu haƙƙi, sannan ya raba gwargwadon yawan sauraron da kowa ya samu. Ana ƙirga sauraro ne idan mutum ya ji waƙa na daƙiƙa 30. Saboda haka sauraro dubu a ƙasar da kuɗin wata yake da araha bai kai darajar sauraro dubu a Ingila ko Faransa ba, balle ma bayan faɗuwar Naira tun daga tsakiyar 2023. Kuɗin kuma ba hannun mawaƙi yake fara shiga ba, sai ya bi ta kamfanin faifai ko dillalin da ya ɗora waƙar, kowa ya cire nasa.

Duk da haka kuɗin ba na wasa ba ne. Kamfanin ya ce a 2024 ya biya masu haƙƙin waƙa na duniya dalar Amurka biliyan 10, kuma waƙoƙin mawaƙan Najeriya sun samar da fiye da Naira biliyan 58, bayan biliyan 25 a 2023. Sai dai a 2024 ɗin ne aka shigo da sabuwar doka: duk waƙar da ba ta samu sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta da rabo. Manyan mawaƙa irin su Ali Jita da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa wannan ba zai dame su ba. Wanda zai ji a jikinsa shi ne ƙaramin mawaƙin da masoyansa suke ƙauye, masu jin sa ta memori, inda ba wanda yake ƙirgawa.

A nan ya zama dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Waƙar da ake turawa a rumfa, mafi yawanci mawaƙin ba ya ganin ko dala daga cikinta. Abin da yake samu shi ne suna, sunan kuma ya kawo masa gayyatar biki da wasan Sallah. Wani lokaci sunan yakan yi nisa fiye da zato. Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa ɗan jihar Tawa, ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har Mali. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su a can, ya sa ɗaya cikin faifan da ya tattara na waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011, ya nemo mai waƙar. Zuwa 2021 Mdou Moctar ya fitar da faifansa Afrique Victime a ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka. Memori ne ya fitar da shi, amma sai da waƙarsa ta shiga hanyar da ake rubuta sunan mai ita kafin ta fara kawo masa kuɗi daga waje.

Inda gajimare bai kai ba

Idan muka duba tsare-tsaren nan tun daga 2016, za mu ga an gina su ne a kan abu uku: intanet mai ƙarfi, wutar lantarki, da hanyar biyan kuɗi ta kati ko ta waya. Ukun nan kuwa su ne suka fi ƙaranci a yankinmu.

Mu ɗauki data. Sauraro a matsakaicin inganci yana cin kimanin megabait 43 a awa ɗaya, wato gigabait ɗaya yakan kai awa 23. A mafi ingancin sautin da aka saba, awa ɗaya tana cin megabait 144, gigabait ɗin ba zai wuce awa 7 ba. Direban da ke tashi daga Maraɗi zuwa Kano ya dawo, ko tela da ke kunna waƙa daga safe zuwa magariba, zai ga kuɗin data ya fi kuɗin cika memori nesa ba kusa ba. A Janairu na 2025 ma hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ga kuma matsalar rezo: da zarar mutum ya tsallaka iyaka da layin wancan ɓangare, ko dai sadarwa ta ɗauke ko kuɗinsa ya tafi kamar ruwa.

Batun wuta kuwa ba sai an gaya mana ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, aka rufe iyaka har zuwa watan Maris na 2024. A waɗannan watanni cajin waya kansa ya zama aiki. Haka kuma har yanzu akwai ɗimbin jama'a a karkara masu riƙe da ƙananan wayoyi masu maɓalli, waɗanda ke karɓar memori amma ba sa ɗaukar irin waɗannan manhajoji. Muddin haka lamarin yake, rumfar mai tura waƙa tana da sauran kwana. Amma burin masu sauraro biliyan ɗaya ba zai cika da Turawa kaɗai ba, a ƙasashe irin namu za a nemo ragowar, don haka muna sa ran kowace shekara za a ƙara sassauta hanyar shiga.

Abin da ya rage ga ɗan kasuwa

Na farko, kada a zuba jari duka a haja ɗaya. Sauraro ta intanet yana rage cinikin memori a birni, amma yana ƙara na lasifikar Bluetooth, da abin saƙalawa a kunne, da batirin ajiyar caji, da caja mai aiki da hasken rana, da sayar da data. Mai hankali yakan karkata jarinsa sannu a hankali, ya bar memori ga kasuwannin ƙauye inda har yanzu ake neman sa.

Na biyu, kafin a saro wata na'ura daga Kano ko Kwatano ko Dubai, a tambaya: shin tana aiki da kanta, ko sai da manhajar wani kamfani? In ta dogara da kamfani ɗaya, a saro kaɗan.

Na uku, matashin da ya iya kwamfuta yana da sabuwar ƙofa. Ƙananan mawaƙa da yawa ba su san yadda ake ɗora waƙa ta hannun dillalai irin su DistroKid da TuneCore ba. Wanda ya koyi aikin zai iya yi musu a biya shi lada, da sharaɗin a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, kuma a sa sunan mai waƙa da asusunsa. Ɗora waƙar wani da sunanka cin amana ne, kuma ana sauke ta idan mai ita ya kai ƙara. Haka nan a guji masu jera wayoyi suna maimaita waƙa don ƙara mata lamba. Tun 2024 Spotify yake cin tarar dillalan da aka kama da sauraron bogi, kuma a Satumba na 2025 ya ce ya share waƙoƙin shara fiye da miliyan 75 cikin wata 12.

Na huɗu, a kula da tsofaffin waƙoƙi. A cikin kwamfutocin rumfunan nan da buhunan kaset da ke bayan kanti akwai muryoyin makaɗan noma da na dambe da na kokawa da na fada, waɗanda wani kamfani a Stockholm ko Shenzhen bai san da su ba. A ajiye su a wuri fiye da ɗaya, a rubuta sunan mawaƙi da garinsa. Ranar da za a neme su tana tafe, kuma wanda ya adana su ya yi magana da magadan masu su, shi za a nema.

Daga ƙarshe, Spotify yakan fitar da lissafin shekararsa a farkon watan Fabrairu, bayanin abin da ya biya mawaƙa kuma a watan Maris, duka ana iya duba su a waya. Idan kamfanin da ke juya biliyoyi yana zama kowace shekara ya duba abin da ya ci da abin da ya faɗi, mai rumfa ma bai fi ƙarfin ɗan littafi ba. Ya rubuta memori nawa ya cika daga wannan Sallah zuwa ta baɗi, lasifika nawa ya sayar, su wa suka daina zuwa kuma ina suka koma. Da wannan lissafi ne zai san lokacin ƙara jari da lokacin sauya haja, tun kafin kasuwa ta sauya shi.